Gida Arba'in da Bakwai na Mandera

Bodinga, 6 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga ɗana Mukhtari (Ɗanbaba), a Kaduna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ciwon gwiwar nan tawa da ka sani. Ka gaida Rahamatu da yarinya. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Malama Safiyya ta ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce in daina jin kunyar rubutuna, saboda haka inda ya karkace ka karanta da haƙuri.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya na je Mandera duba ƙanwarka Hasiya, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Ka san daminar bara ba ta yi ba. A gidan kawunka Sodangi, inda take aure, tun watan jiya suka taɓa irin shuka. Da farko kwano ɗaya ne, wai na kunun yara. Yanzu babu ko ƙwaya. Ita ba ta faɗa mini ba, uwar mijinta ma ba ta faɗa ba. Ni na ga tulun iri a kife bayan ɗaki. Geron da ake kawowa kasuwa kuma na kudu ne, na ci ne kawai, ba ya nuna a ƙasarmu kafin ruwa ya ɗauke.

A hanyar dawowa na tsaya Shagari, na tarar mutane sun yi cincirindo a bangon ofishin gona. An manna wasu dogayen takardu masu huda-huda a gefe. Sunayen gidajen da za a ba irin gero ne kafin ruwa ya sauka. Na kutsa na bi da yatsa. Akwai Mandera. Unguwar gabas tana nan, ta maƙera tana nan. Unguwar da kawunka yake riƙe da ita, gida arba'in da bakwai, babu ko ɗaya. Sau uku na karanta, har wani ya ce, "Inna, in kin gama haddar ki ba mu wuri."

Na tambayi ma'aikacin wurin, ya ce ba su suka rubuta ba, daga Kaduna ta zo, kwamfuta ce ta fitar. Na ce a raina, to ai ɗana can yake, kuma aikinsa ke nan. Ka duba mini. In mantuwa aka yi, a tuna da su. Ban gaya wa kowa na rubuto maka ba.

Mahaifiyarka,
Balaraba

Kaduna, 17 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Muna lafiya. Rahamatu na gaishe ki, ta ce rubutunki ya fi nawa kyau, kuma ban musa mata ba.

Inna, takardar da kika gani a Shagari daga ofishinmu ta fito, kuma ni na rubuta tambayar da ta fitar da sunayen. Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don kada ki ɗauka ina da wani littafi da nake buɗewa in ƙara suna.

Bayan girbin bara, malaman gona sun bi gida-gida sun rubuta dami nawa kowa ya samu. An kawo takardun nan an zuba su cikin wata babbar na'ura da ke wani gini daban. Ni ban taɓa ko taɓa ta ba. Ina zaune ne a gaban ƙaramin allo mai madannai irin na tafireta, ina rubuta jerin umarni da muke kira shiri. Shirin nawa ba ya jin yaren babbar na'urar, sai ta hanyar wasu umarnin da masu ita suka riga suka rubuta suka ba mu. Muna kiran su laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Ki ɗauke su kamar tafinta a gaban alƙali. Su ke nuna lambar izinina, su miƙa tambayata, su dawo mini da amsa layi-layi. Ba sa ƙari, ba sa ragi.

Tambayar da manyana suka ce in yi ita ce: a ba ni duk gidan da ya samu ƙasa da dami goma sha biyar. Gidan da ya fito, ya shiga. Wanda bai fito ba, ni ban gan shi ba ma balle in cire shi. Me ya sa unguwar Kawu ba ta fito ba, wannan ban sani ba tukuna. Wayar da ke haɗa mu da na'urar ta lalace tun ranar Alhamis, kuma ko an gyara, awa biyu kawai ake ba sashenmu a rana saboda wuta. Da zarar na samu shiga zan duba in rubuto miki.

Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki,
Mukhtari

Bodinga, 27 ga Afrilu, 1984

Ɗanbaba,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Takardarka ta zo, kuma na yi ɓarna da ita, gara ka ji daga bakina.

Ka san har yanzu ban iya karatu a zuci ba, sai na ɗaga murya kalmomin ke zauna mini. Ina zaune tsakar gida ina karantawa, maƙwabciyata Laraba tana gefe tana tsince wake. Da na zo inda ka ce kai ka rubuta tambayar da ta fitar da sunayen, sai ta ajiye faifai ta ce, "Ashe ɗanki ne ya zaɓa." Na ce ba haka ya ce ba, saurari sauran. Na karanta mata zancen tafinta da alƙali. Ta ce, "To ai shi ke nan, shi ne alƙalin." Ka san ɗiyar Laraba tana aure a Mandera. Kwana biyu ba a yi ba magana ta isa can.

Jiya Zubairu mijin Hasiya ya zo Bodinga, ko zama bai yi ba. Daga tsaye ya gaya mini abin da ubansa ya ce a gaban mutane bayan sallar la'asar. Wai, "Ni na ce a bar shi gona, su sunka kai shi boko. To ga shi nan, ya koyo yadda ake share dangi da biro."

Na san kai da kawunka ba ku jituwa tun ranar da ya ce yaron da ubansa ya rasu gona ce makarantarsa, ni kuma na ɗauke ka na kawo ka Bodinga. Na san shekara huɗu rabonka da ƙofar gidansa. Amma shi yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ƙanwarka da 'ya'yanta uku daga tukunyarsa suke ci. Na yi ta maimaita takardarka har ta fara yagewa a lanƙwasa. Ka ce ba ka gan su ba. To wa ya rufe maka ido? Unguwar gabas da tasu rijiya ɗaya suke sha, fari ɗaya ya same su. Yaya na'ura za ta ga wannan ta ƙi ganin wancan, in ba an gaya mata ba?

Ban ce ka yi ba. Ina so ka rubuto mini da hannunka cewa ba ka yi ba, in samu abin da zan tsaya a kai.

Mahaifiyarka,
Balaraba

Bodinga, 8 ga Mayu, 1984

Ɗanbaba,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Kullum sai na je gidan waya, har mai rabon wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Hadari ya fara haɗuwa gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Mutanen Dingyaɗi sun gama sharar gona. A Shagari an ce motar iri za ta zo farkon azumi. Zubairu yana maganar sayar da jakinsa ya tafi kudu neman aiki, ya ce ba zai zauna ya ga gonar kowa ta yi kore tasu tana fari ba. In ya tafi a bakin damina, ka san abin kunya ne wannan a Mandera, kuma ka san wadda za a bari da yara.

In fushi ka yi da tambayar da na yi maka, ka yi fushin, amma ka ba ni amsa. Ni na haife ka, ina da ikon tambaya.

Balaraba

Kaduna, 3 ga Mayu, 1984

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Muna lafiya, sai yarinya da ta yi zazzaɓi ta warke. Takardarki ta ashirin da bakwai ta same ni jiya. Ga amsar da kika nema da hannuna: ban cire kowa ba, Allah shi ne shaida. Amma akwai laifina a ciki, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Da aka gyara waya, na sake tambaya. Wannan karon ban sa sharaɗi ba, na ce a ba ni duk gidajen Mandera. Sai ga su sun fito, har da arba'in da bakwai ɗin nan, Kawu a kan gaba. Sunaye suna nan, yawan mutanen gida yana nan. Amma gurbin da ake rubuta dami, a duk unguwar, babu komai. Ba sifiri aka rubuta ba, Inna. Ba a rubuta komai ba ne.

Ga na'ura waɗannan abu biyu ne daban. Sifiri yana nufin mutum bai samu ba. Gurbi wayam yana nufin ba a sani ba. Da na ce a ba ni wanda ya samu ƙasa da goma sha biyar, ta duba gidan Kawu, ba ta iya cewa ƙasa yake ba, ba ta iya cewa sama yake ba, sai ta wuce shi ba ta ce uffan ba. Laburaren nan yana da wata alama da yake ɗagawa idan ya ci karo da irin wannan gurbi. Tana cikin littafin bayaninsa, shafin da ban karanta da kyau ba. Ban sa shirina ya duba ta ba. Da na sa, da tun watan Maris mun san akwai waɗanda aka tsallake.

Na kai wa shugaban sashenmu maganar da kaina. Bai ji daɗi ba, ga shi lokacin sallamar ma'aikata ne, amma ya saurare ni. Na roƙa a zuba duk masu gurbi wayam cikin jerin. Da muka tambayi na'ura, sun fi gida dubu shida, wasu 'yan kasuwa ne da ba su noma, wasu ba a je wurinsu ba sam. Irin da ya rage ba zai kai ko kashi ɗaya cikin goma ba. Abin da ya yarda da shi shi ne: duk unguwar da ta kawo adadin daminta a rubuce, gida-gida, da sa hannun mai unguwa, kafin ashirin da takwas ga wannan wata, za a shigar da ita.

Na san za ki ce in rubuta musu da kaina. Izinina na tambaya ne kawai, ba na rubutu ba. Ko da ina da shi, ban san adadin ba.

Ga takardar cikewa nan na haɗo. A nemi malamin gonar da ya je unguwar a ji abin da ya hana shi rubutawa. Kada a aiko ta gidan waya, a ba direban motar haya mai zuwa Kaduna.

Ɗanki,
Mukhtari

Mandera, 19 ga Mayu, 1984

Ɗanbaba,

Gaisuwa da fatan alheri, da sannu ga yarinya. Takardarka ta uku ga wata sai sha biyu ta iso, an ce jakar wasiƙu ta kwana takwas a Gusau. Wadda na rubuta maka cikin fushi ka yaga ta. Wannan za ta yi tsawo, ka yi haƙuri.

Na samu malamin gonar a Shagari, sunansa Husaini, ba ɗan ƙasar nan ba ne. Da na nuna masa takardarka sai ya dafe kai. Ya ce sauran unguwanni a gona ya riƙa samun mutane ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗa masa a kunne. Unguwarmu kuwa kawunka ya ce baƙo ba ya yawo a rana, ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ya tara masa magidanta duka. Husaini ya fara da babba, ya ce, "Baba, dami nawa?" Kawunka ya ce, "Mun gode Allah." Ya sake tambaya. Kawunka ya ce, "Yaro, wanda anka ba kyauta ba shi ƙirga ta gaban mai kyauta." To bayan mai unguwa ya faɗi haka, wa zai buɗe baki ya ce biyu ko uku a gaban surukinsa? Kowa ya ce ya gode Allah. Husaini ya ce mini, "Inna, takardar ba ta da gurbin godiya, sai na bar ta haka."

Na ce ya zo mu koma. Ya ce an mayar da shi wani yanki, kuma ko ya je abin da za a sake gaya masa ke nan. Na gwada da kaina. Na tari Tukur maƙwabcin kawunka a bakin rijiya, na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Balaraba, matata ma ba ta leƙa rumbuna, sai ke da biro?"

Na koma cikin gida na zauna, na rasa abin yi. Uwar mijin Hasiya tana kaɗi, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Su maza suna tsammani ba mu sani ba. Wa ke sussukar? Wa ke ganin dami na shigowa ta ƙofa?" Ɗanbaba, sai na ji kamar an yaye mini mayafi daga fuska.

Kwana huɗu na yi ina shiga gidaje. Inda Husaini ba zai wuce zaure ba, ni har ƙuryar ɗaki. Wata ta faɗa kai tsaye. Wata ta ce ba ta ƙirga ba, amma dami ɗaya ake fitar musu duk Juma'a, kuma ya yanke sati biyu bayan Mauludi, sai mu lissafa tare da yatsu. Kowace sai ta riƙe mini hannu ta ce kada maigida ya ji daga bakinta ya fito. Babu gidan da ya kai goma sha biyar. Gida shida ba su ɗaure ko ɗaya ba, nan na rubuta sifirin naka, na zagaye shi da kyau don na'urarku ta gani.

Jiya da hantsi na kai wa kawunka a zaure. Ka san ba ya karanta boko. Ya ce, "Karanta mani, tunda ke ma kin zama malama." Na durƙusa na fara. Yana jan carbi, kansa a ƙasa. Da na zo kan Tukur na ce dami biyu, sai carbin ya tsaya. Ya ce, "Biyu? Shi da ya aiko mani da hura ƙwarya guda ranar sunan jikana?" Na ci gaba har na gama arba'in da shida. Nasa na bari ƙarshe.

Ya ce, "Saura wa?"

Na ce, "Saura kai, Yaya. Dami huɗu."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Gidan ubana ne, ba sai an gaya mini ba."

Ya ce, "Wagga takarda, ita za a manna bangon Shagari?"

Na ce sunaye kawai ake mannawa, ban da adadi. Ya ce sunan ai shi ne adadin. Sai ya miƙo hannu na ba shi biro. Ya ce in ɗora masa yatsa inda sunansa yake. Na ɗauka a nan zai sa hannu, na ɗora. Ya ja layi a kai tun daga farko har ƙarshe, sannan ya sa hannu da ajami a ƙasan takardar. Ya ce, "Waɗanga jama'ata ne, in na roƙa musu ban ji kunya ba. Amma mai unguwa ba shi shiga layi da ƙwarya bayan waɗanda ke kawo mashi ƙara."

Na ce, "Yaya, jikokinka fa? Zubairu a gandunka yake, ba shi da layin kansa."

Ya ce, "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Tashi ki ba ni wuri." Tun daga nan ko gaisuwata bai amsa ba.

Ga takardar nan na ba Mainasara direba, ya ce gobe da yamma tana hannunka. Ka duba layi na ɗaya. Biron bai ci sosai ba, huɗun tana nan ana ganinta sarai. Gaskiya ce, ba ƙarya na ce ka shigar ba. Na wahala wa gida arba'in da shida, kada a ce na ɗiyata ne kaɗai ya faɗi. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara aiki. Yau na roƙe ka.

Mahaifiyarka,
Balaraba

Kaduna, 26 ga Mayu, 1984

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da wahala. Mainasara ya kawo takardar ranar da ya ce. Shugabanmu ya juya ta gaba da baya, ya tambayi wane malami ne ya cike ta haka tsaf. Na ce mahaifiyata ce.

An shigar da adadin ranar Laraba. Ranar Alhamis da aka ba mu awanninmu na sake aika tambayar nan ta farko, ban canja mata ko harafi ba. Ina zaune ina kallon allo, sunaye suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Tukur ne na farko. Na ƙirga arba'in da shida. Sun shiga jerin motar da za ta je Shagari. Na kuma gyara shirin, yanzu duk gidan da aka tsallake sai ya fitar da shi a takarda ta daban, ya faɗi dalili.

Inna, gidan Kawu ne kaɗai a wannan takarda ta daban daga Mandera.

Na ga huɗun. Mai shigar da adadi ma ta gan ta, ta tambaye ni, "Wannan sokewa ce ko biro ne ya zame?" Da na ce zamewa ce, da ta buga, ba mai sake tambaya. Na ce ta ba ni zuwa bayan azahar. Na fita na yi ta zagaya ginin, ina tuna Hasiya tana goye a bayanki ranar da muka baro Mandera. Na dawo na ce mata sokewa ce.

Kuskuren farko na yi shi ban sani ba. Wannan da sanina zai zama. Sa hannun Kawu shi ya sa aka yarda da sauran arba'in da shidan, kuma hannun da ya sa shi ne ya ja layin. Ba zan karɓi rabin maganarsa in jefar da rabi ba. Sannan in sunansa ya hau bango bayan ya soke shi a gabanki, abin da ya faɗa a kaina bayan la'asar ya zama gaskiya, sai dai ta wata fuskar: na yi da shi yadda na ga dama da biro.

Na bi kasuwanni uku a nan neman irin da zai yi a ƙasarmu, ban samu ba. Na san wannan ba amsa ba ce ga wadda ta roƙi ɗanta. In za ki yi fushi da ni, kina da gaskiya. Ki gaya wa Hasiya ni ne, kada ta ɗora wa kowa.

Ɗanki,
Mukhtari

Mandera, 15 ga Yuni, 1984

Ɗanbaba,

Barka da shan ruwa, kai da Rahamatu. Muna lafiya. Na yi fushi da kai kwana tara, ban ɓoye maka ba. Takardarka na tura ta ƙarƙashin tabarma don kada in riƙa ganinta. Har yanzu ban ce ka yi daidai ba. Na dai daina cewa ka yi kuskure.

Motar iri ta zo Shagari ran biyar ga azumi, kwano huɗu kowane gida. Kawunka da kansa ya ja mutanensa ya kai su, ya tsaya a gefe da sandarsa har aka sallami na ƙarshe, ya dawo hannu wofi. Zubairu ya ce da ni ya gama shawara, ruwa na sauka zai kama hanya. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Na sake bin gidajen nan, wannan karon ba takarda, sai ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ban roƙi kowa ba. Ina shiga in ce na zo barka da arziki, in ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, in zauna a yi hira. In na tashi sai in ji ta ƙara nauyi. Ba kowa ba. Wata ta ce mijinta ya gane ita ta faɗi adadinsu, har yau ba ya cin tuwonta, in fita mata daga gida. Na fita, tana da gaskiya. Matar Tukur kuwa sau biyu ta zuba, ta ce ɗaya nata, ɗaya na mai rumbun da ba a leƙawa. Da na gama, ya kusa kwano uku.

Ruwa ya sauka ranar Lahadi, mai yawa, har ya kwanta a kwari. Washegari da sassafe kowa ya fita. Ina tsakar gida ina tunanin yadda zan kai wa kawunka maganar, sai na gan shi ya fito da sungumi a kafaɗa kamar kowace shekara, ya nufi gona. Na dubi Zubairu, Zubairu ya dube ni. Na raba irin biyu, muka bi shi.

Ka san yadda ake yi. Mai sungumi yana gaba yana sara, masu iri suna baya suna jefawa suna rufewa da ƙafa. Ya fara daga bakin hanya. Muka bi. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, idonsa a kan ƙasa, ya wuce mu kamar ba mutane a wurin. Bai tambayi abin da ke cikin ƙoƙunanmu ba. Mutum mai shekara saba'in, da azumi a bakinsa, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Ni gwiwata tana kuka, ina jefa ƙwaya uku-uku maimakon yadda aka saba, don ya kai.

Bai kai ba. Muna wajen tsamiyar nan ta tsakiya, saura kamar kashi ɗaya cikin uku na gonar, na ji yatsuna sun taɓa gindin ƙoƙo. Na Zubairu ma ya ƙare. Ya tsaya, ya buɗe baki zai kira ubansa. Tukur da 'ya'yansa suna gonarsu, jifa ɗaya tsakaninmu. Na ce masa a hankali, "Rufe bakinka, ka bi shi."

Haka muka bi shi, muna sa hannu a ƙoƙo muna fitarwa, muna rufe ramuka da ƙafa ba komai a ciki, layi bayan layi, har iyakar gona. A nan ya dogara da sungumi yana haki, bayansa gare mu. Sannan ya ce, "Balaraba."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ya ce, "Daga tsamiya zuwa nan, in Allah ya kai mu, wake za mu sa."

Na ce to.

Zubairu bai tafi ba, jiya ma shi ya je duba tsiro. Hasiya tana gaishe ka. In ka samu hutun salla ka zo ta Mandera, ka fara da zauren kawunka kafin ka shigo wurinmu. Ban ce zai sake maka fuska ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Balaraba